Wayar da Ta Kai Ganga Ɗakin Surukata

Shekarar da aka rufe hanyar tafki na zama mutum mai lokaci. Sana'ata banda ce, kifin da ake kyafewa a bakin ruwa a kawo mana cikin kwalaye, mu kuma mu tura kudu. Da hanyar ta mutu sai na wayi gari ba ni da aikin da ya wuce zama a ƙofar gidana a unguwar Lamisula ta Maiduguri, gindin dogonyaro, ina kallon ƙadangaru. Na san su ɗaya bayan ɗaya, har na san waɗanda ba sa ga maciji da juna. Matata ta ce in ban nemi abin yi ba, wata rana za ta leƙo ta tarar ina yi musu sulhu.

A falona kuwa akwai wata amana da na daɗe ina harara. Maƙwabcinmu ne, wani ɗan kudu mai sayar da taya, da gari ya yi zafi ya tattara iyalinsa zai koma gida. Motar ta cika har direba yana rantsuwa ko allura ba za ta shiga ba, sai ya sa aka shigo mini da kayan sautinsa: injin kaset, da akwatin ƙara murya mai nauyin ɗan maraƙi, da lasifika biyu, kowacce ta kai mini ƙugu. Ya ce, "Maigida, riƙe mini. In ka ga dama ka kunna, kada su yi tsatsa." Wayoyin lasifikar kuwa ya fizge su ya ɗaure katifa da su a saman mota. Ina tsaye ina kallo suka bi titi suna lilo. Haka aka bar ni da baki biyu manya-manya, babu maƙogwaro.

Ana nan sai surukata ta iso. Iya muke ce mata. Babarbariya ce daga wani gari can arewa, wajen tafki. Ranar da 'yan bindigar nan suka shiga garinsu ta fito da abin da hannu ya kai kansa, ta yi tafiyar ƙafa, ta ƙarasa a bayan motar itace. Ta shigo gidana da ƙulli ɗaya a cikin zane. Muka ba ta ɗakin da ke can ƙarshen tsakar gida. Ta ajiye ƙullin a gefen tabarma, ba ta kwance shi ba. Laffayar da ta zo da ita a jiki ita take wankewa, ta ɗaura zanen 'yarta har ta bushe, ta mayar. Abinci sai an yi da gaske take taɓa loma biyu. Magana kuwa guda ɗaya gare ta, kullum da safe in matata ta kai mata koko: "An buɗe hanya?"

Ba tambayar wasa ba ce. Wata rana da hantsi aka neme ta aka rasa, sai can tasha matata ta same ta zaune a kan ƙullinta tana jiran motar da ba za ta zo ba. Ta ce in babu mota ƙafafunta na nan, su suka kawo ta. Duk wanda ya zauna a Maiduguri a lokacin ya san abin da ke kan wannan hanya. Matata ta dawo da ita tana kuka, ta ce mini, "Baban yara, in tsohuwar nan ba ta sami abin da zai zaunar da ita ba, rannan za mu neme ta mu rasa gaba ɗaya."

Ni mutum ne mai yawan surutu, an shaide ni. Na taɓa sa mai makoki dariya har ya nemi ruwa. Amma da suruka bakina ba shi da amfani. Gaisuwa daga bayan labule nake yi, a tsugune, takalmi a hannu. Ba ta cin abinci in ina tsakar gida, ba na ci in tana gani. Falona kuwa, a wurinta, wata ƙasa ce da ba ta da takardar shiga.

Matata ce ta tuno da kaset ɗin bikinmu. Wani abokina ya ɗauka shekara ashirin da wani abu da suka wuce, a ƙofar gidansu Iya, daren wushe-wushe: algaita, guɗa, hayaniyar mata, ganga kura, wato babbar gangar Barebari, da muryar marigayi mijin Iya yana sa mana albarka. Garin nan duka yana cikin wannan ɗan kaset. Ƙaramar rediyonmu ba abin yarda ba ce, ta ci kaset fiye da yadda akuya ke cin takarda, kuma Iya kunnenta ya yi nauyi. Sai dai babban inji. Shi kuma ba ya tashi daga falo, don nan wayar janareta ta tsaya, kuma ko an kai shi ɗakinta ba zan riƙa shiga ina danna mata maɓalli ba. Dabara ɗaya ta rage. Inji ya zauna a falo, lasifika su tafi ɗakin Iya, waya ta haɗa su.

Matata ta shigar da su ta jera su kafaɗa da kafaɗa jikin bango. Iya ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta ɗora butarta a kan ɗaya, carbinta a kan ɗayar.

Na fara da abin da ke gida. A bayan ɗakin girki na tono wani dunƙulen siririyar waya, irin wadda ake ja wa ƙaramin ƙwan fitila, sirantarta kamar taliyar yara. Na feɗe bakinta da haƙori, na ja ta tsakar gida, na miƙa wa matata ta taga. Na tada janareta, na sa wani kaset na wa'azi don gwaji. A falo allurar inji tana rawa kamar za ta karye. Na tsallaka na kasa kunne a bakin labule. Malamin da na sani da murya kamar aradu, ga shi yana magana kamar sauron da ya kwana da zazzaɓi.

Wannan abu ya tsaya mini a rai. Ina sauran muryar ta tafi? Na bi wayar taku-taku ina shafawa ko zan ji inda take yoyo. Na kara kunne a jikinta. Har na sa hannu a ƙasa ko zan ji damshin wa'azi. Da na matso da lasifika ɗaya kusa da inji na haɗa da guntuwar waya, sai malam ya warke sarai. Na mayar da doguwa, ya koma jinya. A nan na yanke cewa murya ma matafiyiya ce, in hanya ta yi tsawo kuma ta yi ƙunci, kafin ta isa an sauke mata rabin kaya. Mu 'yan banda mun san wannan.

Washegari na nufi unguwar Hausari. Babura an riga an hana su, layukan salula an katse, don haka duk tambayar da mutum ke da ita sai ya kai ta da ƙafarsa. Akwai wani mai shagon kayan wuta da muka yi makarantar allo tare, Babarbare, baƙi, dogo, da tsagarsa reras. Ni kuwa kakana Bafulatanin Kano ne, ko da yake saniyar da na mallaka a duniya ba ta wuce ta jikin gwangwanin madara ba. Tsakaninmu sai abin da Allah ya kiyaye.

Yana hango ni ya ce, "Wushe, wushe. Ga bawana ya zo gaisuwa. Ina ka baro shanun?"

Na ce, "Suna gidanku suna kiwon ku. Tashi ka ba ubangidanka kujera."

Na yi masa bayani. Ya tambayi nisan ɗakin. Na ce in mutum ya tashi daga falona da safe, to ya yi guzuri. Ya ce in faɗi gaskiya ko sau ɗaya a rayuwata. Na zaro igiyar shanyar matata da na auna tsakar gidan da ita, na ɗaɗɗaure inda ta kai. Ya auna ta a jikin teburinsa, ya ƙara wani abu saboda kwanar bango da hawa da sauka, ya ce gara ta yi saura da ta gaza, don waya mai gami kamar wando mai faci ce, nan take fara yagewa.

Sai ya sauko da dami uku. Ta farko mai kauri ce, kyakkyawa, ja da baƙi, tana sheƙi. Hannuna ya tafi kanta kai tsaye. Ya buge shi.

"Wannan ta 'yan ƙauye irinku ce. Tsaya ka gani."

Ya yanki ɗan guntu ya nuna mini bakinsa. Kaurin duk roba ne, silin da ke ciki bai fi gashin gemun ɗan shekara sha biyar ba. Ya kankare silin da wuƙa, jan ya tafi, fari ya fito. Ya ƙyasta ashana ya kara, silin ya lanƙwashe ya zube kamar an gaya masa mutuwa. Alminiyom ne aka shafa wa janbaki. Ya yanko na wani damin ya kara masa wuta. Wannan ya yi ja, ya yi baƙi, ya tsaya a kan bakansa. Jan ƙarfe ke nan na gaske, silinsa da yawa, dami guda kamar tsintsiya. Na ɗaga damin biyu, na gasken ya rinjayi hannuna. Na sa shi ya sake ƙona mini sau uku don in ƙoshi da kallo, har ya ce ashanar ma kuɗi ce.

Cikin na gasken akwai mai ja da baƙi, akwai wata fara fat, tagwaye manne da juna. Na ce a ba ni mai launi, don bayan lasifika ma ja da baƙi ne. A nan ya daina dariya. Ya leƙa waje ya dawo.

"Kai, a garin nan, a wannan zamani, za ka ɗauki waya ja da baƙi ka bi titi? Ai ko ni na daina sayar wa wanda ban san kakansa ba. Ɗauki fara. Kuma ba zan feɗe maka bakinta a nan ba, ba zan sa maka a leda ba. Rataya ta a wuya, kowa ya gani. Abin da aka ɓoye shi ake tambaya."

Haka na fito da damin farar waya a wuya kamar sabon angon da aka yi wa rataye. Na tare keke mai ƙafa uku. Mata biyu da ke ciki suka dubi wuyana, suka dubi juna, suka tuna suna da saƙo a daidai wurin, suka sauka. A shingen bincike muka sauko muka taka da ƙafa, hannu a sama, yadda aka saba. Sojan ya nuna wayar da haɓa. Na fara masa tun daga ɗan kudu mai taya, na biyo ta kan katifa, na shiga surukuta da ƙa'idodinta, ina shirin kwatanta masa malam mai muryar sauro ya ɗaga hannu ya ce in wuce don girman Allah. Ina jin da na ƙara minti biyu da shi zai biya mini kuɗin keke.

A gida na shimfiɗa tabarma a inuwa na baje kayan aiki: reza, salatif, ƙananan ƙusoshi, guduma. Na raba wayar biyu daidai, kowace lasifika da tata. Na tsaga tagwayen daga baki kamar tsawon yatsa. Feɗewar ce ta ba ni wuya. In na danna reza da ƙarfi sai silin ya zubo tare da robar, in na sassauta robar ta ƙi fita. Na yanke na sake, na yanke na sake, har matata ta ce a haka wayar za ta ƙare a falo inda ta fara. Sai na tuna hannuna ya san fatar tarwaɗa. Na ajiye reza na ɗauko ƙaramar wuƙata ta kifi, na zagaye robar a hankali ba tare da na kai ga ƙashi ba, na lanƙwasa, na ja da farce. Ta zame sumul, silin ya fito cif, yana ƙyalli. Na murza shi tsakanin yatsu ya zama tsinke guda, don Babarbaren ya ja mini kunne cewa in sili ɗaya tak ya kauce ya taɓa ɗan'uwansa, injin amana zai yi hayaƙi, ni kuma in san abin da zan gaya wa mai taya.

Na bi da wayar jikin bango ta ƙarƙashin indararo, inda kaji da ƙafar mutane ba za su kai ba. A bayan kowace lasifika akwai 'yan maƙalai biyu, ja da baƙi, ka danna ka cusa ka saki. Wayata kuwa fara da fara. Na duba wannan, na duba wancan, ban ga bambanci ba. Na ce ai duk ɗaya ne, tagwaye ba sa faɗa. Matata ta fito da Iya tsakar gida da sunan shan iska, na yi wuf na shiga na cusa yadda hannu ya kai, na fito kamar ɓarawon kaza.

Bayan la'asar muka sa kaset ɗin biki. Murya ta iso da ƙarfinta wannan karon. Algaita ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa, har na ji wani yana tambayar ina aka kai takalmin ango. Na laɓe daga nesa ina kallon labule. Matata tana ciki. Aka daɗe. Da ta fito na tare ta.

"Ta ji? Ta ce me?"

"Ta saurara har ƙarshe. Ta gane muryoyi, ta kira sunan mutum biyar. Sai ta ce wannan ba bikin garinsu ba ne."

"Ba bikin garinsu ba kamar yaya? Ni ne fa angon."

"Ta ce ina gangar? Ta ce ba a taɓa biki a ƙofar gidansu babu ganga kura ba. Ta ce ko ita ma sun ƙone ta."

Da safe Iya ta sake tambayar hanya, ƙullinta yana nan a ɗaure.

Na tabbata akwai ganga a kaset ɗin, don a daren nan har cikin haƙorina na ji ta. To ina ta maƙale? Waya ga ta mai kauri, jan ƙarfe tsantsa. Na sa matata ta sake fitar da Iya, na shiga na tsaya gaban lasifikan. Algaita tana nan, guɗa tana nan, a wurin ganga kuwa sai wani ɗan ƙwas-ƙwas kamar ana buga ƙwarya da cokali. Cikin lalube gwiwata ta fizge wayar lasifika ɗaya. Sai ga ganga ta leƙo. Ba duka ba, amma ita ce. Na mayar da wayar, ta ɓace. Na cire, ta dawo. Na yi haka har sai da na fara tsoron kaina. Tun da nake ban taɓa jin inda baki ɗaya ya fi baki biyu ƙara ba. Ko a gidan suna ba a haka.

Na koma Hausari da wannan al'ajabi. Babarbaren ya yi dariya har ya riƙe teburi.

"Fulani dai. Da ka ɗauki wayar, ba ka shafa bayanta ba?"

Ya sa babban yatsana a jikin wani guntu. Ashe ɗaya daga tagwayen tana da ɗan doro siriri kamar zare, tun daga farko har ƙarshe, ɗayar kuwa sumul. Ido ba ya gani sai yatsa. Mai doro ita ce ja, daga inji har lasifika. Ya ce na juya ta a ɗaya, shi ya sa in wannan ta turo iska waccan sai ta janye, kamar mutum biyu da keke ya mace musu, ɗaya yana turawa ta baya, ɗaya ta gaba. Siraran muryoyi suna samun hanyar sulalewa, amma ganga aikin turi ce, sai an haɗa kafaɗa. Ya ce in ina son in gani da idona, in cire rigar lasifikar in taɓa bakin wayar da batirin tocila.

Na yi kuwa. Na taɓa wannan, farantin baƙar takardar da ke cikin lasifikar ya turo ƙirji waje. Na taɓa waccan, ya shige ciki kamar mai jin kunya. Na yi ta taɓawa ina kallo, na kira matata ta gani, ta ce ta gani, tana da tuwo a wuta. Na juya wayar, doro ya koma ja. Yanzu duk biyun suna turowa tare. Na jefa batirin a aljihu, na koma falo, na tuna kunnen Iya, na murɗa maɓallin ƙara har ya kusa ƙurewa.

Algaita ta yi gaba. Sai gangar ta sauka.

Ban ji ta da kunne ba, a ciki na ji ta. Kwanon rufi ya amsa, butar Iya ta yi tsalle ta sauko daga kan lasifika, kajina suka haye katanga, har da wadda ke kwanci. Dim. Aka ɗan tsaya. Dim. Ni da na san ko mene ne, sai da na duƙa na kare kaina, don shekarun nan sun koya wa kowa a garin irin wannan ƙara mai zuwa ta ƙasa. In ka ji ta ba ka tambaya. A waje na ji kaskon mai ƙosai ya kife, na ji ana jan ƙofofin shaguna, dattawan da ke dara a gindin dogonyaro suka watse. Wani daga cikinsu da ya shekara yana dogara sanda an ce shi ya riga kowa shiga gida, sandar ta biyo baya. Matata ta ruga ta kashe inji. Unguwa ta yi tsit.

Ba a jima ba aka buga ƙofa. Bulama ne, mai unguwarmu, da samarin sintiri a bayansa riƙe da gora. An ce musu daga gidana ƙarar ta fito. Suka shigo suka tsaya. Na bi idonsu da kallo. Ga tabarma, ga guntayen waya feɗaɗɗu, ga reza, ga salatif, ga doguwar waya ta bi bango ta shige wani ɗaki mai labule. Wani saurayi ya lalube ni, ya zaro batiri daga aljihuna ya ɗaga sama.

A wannan lokacin an tafi da mutane a kan abin da bai kai wannan ba, kuma ba duka suka dawo ba. Bulama ya san ni tun ina yawo ba wando, amma na ga fuskarsa, na ga ba shi kaɗai zai yanke ba. Na buɗe baki, bakin da ya gajiyar da soja, na rasa ko kalma ɗaya.

Labule ya ɗaga. Iya ta fito da carbi a hannu, ta tsaya a tsakiyar gida, a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba. Da Barbarci ta yi magana, da muryar da ban san tana da ita ba.

"Wa ya kashe mini ganga?"

Ta dubi Bulama sama da ƙasa.

"Kai ne bulaman nan? Ɗan wane gari ne kai da ba ka san ganga kura ba? Ni na ji wancan abin da kuke tsoro, a bayan ɗakina ya tashi. Ba haka yake ba. Shi ba ya jiran algaita." Ta juya wajen 'yarta. "Je ki mayar."

Matata ta mayar, ta rage ƙara kaɗan. Samarin suka zabura a bugun farko, a na uku wani ya fara gyaɗa kai. Iya tana tsaye tana nuna labule da carbi, tana faɗin wanda ke bugawa, da ɗan wa ne, da yadda ya taɓa fasa ganga a bikin hakimi. Sai kiɗa ya lafa, muryar marigayi ta fito, yana roƙa mana zaman lafiya da zuri'a. Bulama ya cire hula ya shafa kai. Da tsohon ya kai ƙarshen addu'a, duk tsakar gidan muka shafa tare da mutanen cikin kaset, har da mai riƙe da batirina.

Da bakina ya dawo, ya dawo da ƙarfinsa. Na nuna wa Bulama doron waya, na sa yatsansa a kai. Aka fito da lasifikan bakin ƙofa, na juya wayar ɗaya, ganga ta ɓace, na mayar, ta dawo. Ya ce in sake. Na sake. Ya tsuguna ya leƙa bayan akwatin ko akwai inda take ɓuya. Samarin suka karɓi batiri suna layi, kowa yana son ya ga faranti ya turo ƙirji. A ƙarshe Bulama ya yanke hukunci: ranar da gari ke lafiya a sanar da maƙwabta kafin a saki ganga, ranar da aka kwana da labari mara daɗi kuwa in juya wayar. Mai ƙosai kuma in san yadda zan yi da ita. Wannan shari'ar ta fi ta Bulama tsawo.

Washegari matata ta kai koko, na tsaya a bakin rijiya ina jiran tambayar kullum. Ba ta zo ba. Sai matata ta fito ta ce Iya na son siririyar wayar nan ta farko da na yar, da ƙusa biyu. Na kafa mata ɗaya a jikin tagarta, ɗaya a katanga, na ja wayar na ɗaure, ban tambayi dalili ba.

Da hantsi na dawo daga wajen ƙadangaruna na tarar an kwance ƙullin. Laffaya uku ne a ciki, da zannuwa, da wata tsohuwar rigar marigayi, duk an wanke an shanya. Nauyinsu ya ja wayar ta yi ciki har gefen rigar yana shafar ƙasa. Na tsuguna a bayan labule na yi gaisuwa, takalmi a hannu. Ta amsa. Har na yunƙura zan tashi sai ta ƙara, da Hausa, kai tsaye gare ni.

"Baban yara, wannan wayar taka ba ta da ƙarfi. Kafin damina ka samo mai kauri."

Na ce to, Iya. Na sa takalmina na nufi Hausari.